Kundin aikin zaure: kallon ƙwayoyin halitta da yaran unguwa

Asabar, 11 ga Oktoba, 2025

Na'urar ta zo hannu. Tsohuwar maikuroskof ce mai ido ɗaya, irin mai madubi a ƙasa maimakon fitila. A Sabon Gari na same ta wajen masu kayan ɗakin gwaje-gwaje, aka daidaita a kan naira 48,000 bayan dogon ciniki. Gilashin da ake ɗora ido yana ninka girman abu sau 10, gilasan ƙasa kuma uku ne, mai 4 da mai 10 da mai 40, wato za mu iya kallo a ninki 40 da 100 da 400. Na haɗa da kwalin silaid, wato fallayen gilashin da ake ɗora abin kallo a kai, a 3,500, da ƙananan murafen gilashi a 2,000, da kwalbar shuɗin rini mai suna metilin bulu a 2,500. Aidin a kemis ɗin bakin layinmu na saya, 800.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne yaran da nake yi wa lesin ɗin bayoloji a nan Gwammaja, masu shirin WAEC da NECO. Kowannensu zai zana maka ƙwayar halitta tsaf, ya ja layi ya sa wa kowane sashe suna, amma babu wanda ya taɓa ɗora idonsa a kan ko guda. Da na tambaye su girmanta, wani ya ce za ta kai ƙwayar gero. Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Baba ya ba mu aron zaure, za mu riƙa haɗuwa ranar Alhamis bayan La'asar tunda babu Islamiyya. Doka ɗaya na kafa: kowa ya zana abin da idonsa ya gani da fensir, ya rubuta ninkin da ya yi kallo da shi a gefe. Zanen littafi ba ya shiga zauren nan.

Talata, 14 ga Oktoba

Matsala biyu suka fito tun kafin a fara. Idan na saita gani ya fito tas, kafin in ɗaga kai bututun ya sulale ƙasa da nauyinsa, hoto ya dushe. Sannan gilashin mai 40 hazo kawai yake nunawa. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo, don shi ne mai ƙananan sukundireba da natsuwar hannu. Ya juya gilashin a rana, ya duba da nasa madubin, ya ce, “Malam, wannan ba ƙura ba ce, maiƙo ne ya bushe a bakinsa.” Ya goge da tattausar takarda da ɗigon sifirit, ya ƙara ɗaure wuyan abin murɗawa. Na ce, “Baba, nawa ne?” Ya ce in kawo abin da ya sauwaƙa, na ba shi 2,000. Yanzu tsakiyar gani ya fito sarai, gefe ne kawai da sauran dishi-dishi, kuma za a iya aiki da shi haka.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Albasa muka fara da ita. Idan ka ɓare ɓawonta mai tsoka ka karya shi, akwai wani siririn tantani a cikin kwarminsa da yake ɗagowa. Kaurinsa ƙwaya ɗaya ne tak, shi ya sa haske yake ratsa shi. Muka shimfiɗa shi a ɗigon ruwa, muka ɗiga aidin, muka kwantar da murfi a karkace.

Yarinyar da ta fara leƙawa ta ce ta ga ƙwayoyi, da'ira-da'ira masu baƙin baki mai kauri. Kumfar iska ce da ta maƙale ƙarƙashin murfi. Na bar kowa ya kalle ta da kyau kafin mu ci gaba, domin wanda bai san kamannin kumfa da ƙura da zaren auduga ba, zai yi ta zana su yana ba su sunaye. Da muka matsar da silaid ɗin sai ga su: dogaye-dogaye, a jere kamar bulo a jikin katanga, kowace da bangonta, kuma a cikin da yawansu akwai ɗan ɗigo ruwan ƙasa a jingine da gefe. Nukiliyos ke nan, ma'ajiyar bayanan gado. Yaran suka tambayi abin da ya sa ba ya tsakiya yadda aka saba zanawa. Amsar ita ce tsakiyar ƙwayar tsiro wata babbar jaka ce cike da ruwa, bakiyol, ita ke tura komai zuwa gefe, kuma matsin ruwanta a kan bango shi ke sa albasa ta yi ƙaras-ƙaras a baki. Bangon kansa da selulos aka yi shi, sinadarin da yake shi ne jikin auduga.

Wani yaro ya nemi kulorofilas, koren sashen ƙwayar tsiro mai haɗa abinci da hasken rana, bai gani ba, ya ce na'urar ba ta da kyau. Na ce na'ura lafiyarta ƙalau. Kan albasa ma'ajiyar abinci ne da ke binne, rana ba ta kai masa, don haka ba shi da abin yi da koren sinadarin kama haske. Lawashi ne mai wannan aiki.

Daga nan muka yi awo. Mun ɗora rula mai garai-garai a ninki 40, faɗin da'irar gani ya ba mu milimita 4.5, wanda ke nufin a ninki 100 milimita 1.8 ne. Muka ƙirga ƙwayoyin da suka jeru a tsaye daga baki zuwa baki, suka kama 6 zuwa 7. Tsawon kowace ke nan ya kusa kashi uku cikin goma na milimita. Mai maganar gero ya yi lissafin da kansa a bayan takardarsa.

Na ba su labarin Robert Hooke na Ingila, wanda ya yanka toshiyar kwalba ta ɓawon itace siriri ya kalla, ya wallafa zanensa a 1665. Bangayen matattun ƙwayoyi ya gani, cikinsu fayau. Sai a 1831 Robert Brown ya bayyana ɗigon nan da muka gani yau a matsayin abin da ake samu a ƙwayoyin tsirrai.

Haske ya gudu tun kafin kowa ya gama zane. Madubi rana yake buƙata, zaure kuwa da an doshi Magariba ya yi duhu.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na sayi ƙaramar fitilar caji a 4,000, na manna farar takarda a fuskarta don hasken ya bazu. Ta fi rana daidaito.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Kowa ya kankari cikin kumatunsa a hankali da sabon tsinken sakace, ya goga a silaid, aka ɗiga metilin bulu. Tsinke da silaid ɗin da aka gama da su cikin ruwan bilic suke faɗawa, ba a musayar hannu. Ƙwayoyin sun fito shuɗi-shuɗi, falan-falan, gefensu babu tsari, wasu ma a naɗe, nukiliyos a tsakiya ya fi duhu. Faɗinsu maikuromita 50 zuwa 60 (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya), wato sun gaza na albasa nesa. Babu bango, babu babbar jakar ruwa. A ninki 400 an ga wasu ƙananan ɗige-ɗige a kansu, bakteriyar baki ce, kuma kowa na da ita.

Ajiye zanen makon jiya kusa da na yau ya yi mini aikin da dogon bayani bai yi ba. A 1838 Matthias Schleiden ya ce duk tsiro da ƙwayoyi aka gina shi, a 1839 Theodor Schwann ya faɗi haka a kan dabbobi. Yau yaran da hannunsu suka haɗa hujjar ɓangarorin biyu.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Wannan karon jar albasa muka nema, muka ɓare fatar bayan ɓawo mai launi. Launin a cikin ruwan bakiyol yake, don haka ba a buƙatar rini, kowace ƙwaya a cike take da ja har bakin bango. Na jiƙa gishiri cokali guda a rabin kofin ruwa, na ɗiga a gefen murfi, na sa tishu a ɗaya gefen ya zuƙo shi ya ratsa ta ƙarƙashi. Cikin 'yan mintuna jan ya fara janyewa daga bango, ya dunƙule, ya ƙara duhu, aka bar fili fari tsakaninsa da bango. Bango bai motsa ba. Da muka sake zuƙo ruwan zalla, jan ya kumburo ya koma inda yake a mafi yawansu.

Na daɗe a kan wannan domin nan ne aikin tantanin ƙwaya, siririyar fatar da ke lulluɓe da ita daga cikin bango, yake bayyana, alhali shi kansa ba ma iya ganinsa, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba (nanomita 1,000 ne maikuromita ɗaya). Falle biyu ne na maiƙo da furotin iri-iri a dase a cikinsa, fasalin da Singer da Nicolson suka bayyana a 1972. Ruwa yana ratsa shi da sauƙi, gishiri ba ya wucewa haka nan, shi ya sa ruwa ke kwarara zuwa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Bango kuwa kowa yake bari ya wuce, aikinsa riƙe siffa da hana ƙwaya fashewa.

Wata yarinya ta ce, “Malam, ashe shi ya sa in an barbaɗa wa kokwamba gishiri take tsattsafo da ruwa.” Wani wanda mahaifinsa ke noman rani ya kawo maganar taki: in ya yi yawa a gindin shuka sai ta yi yaushi ko da ƙasa na da danshi. Dukansu sun yi daidai, kuma ban ba su misalan ba, su suka kawo.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na ɗebo ruwa a wani kududdufi na cikin gari, daga gefe inda gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke. Da safar hannu na ɗeba, saboda tsargiya ta fata take shiga. Na zuba a kwalabe biyu, ɗaya na jefa mata busasshiyar ciyawa. Inna ta ce, “Wannan ƙazantar ba za ta kwana mini a tsakar gida ba.” Na ce, “Ki yi haƙuri Inna, a soro za ta zauna.” Na rufe bakinsu da yankin gidan sauro.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ba a taɓa hayaniya a zauren nan irin ta yau ba. Ɗigo ɗaya daga kwalbar ciyawa, sai ga abubuwa suna ta gilmawa, kafin ka kira na kusa da kai sun fice daga da'ira. Mun yayyaga zaren auduga kaɗan a cikin ɗigon ya zame musu shinge, sannan muka samu muka kalli guda a tsanake. Faramisiyom ne, tsawonsa wajen kashi biyu cikin goma na milimita, jikinsa duk ƙananan gashi masu kaɗawa. Da su yake iyo, da su yake koro bakteriya zuwa wani kwarmi a gefensa inda yake haɗiye su. Ƙwaya ɗaya ce tak, amma tana tafiya, tana ci, tana kauce wa abin da ta yi karo da shi.

Abin da na fi so su gani shi ne wani farin ɗigo kusa da ƙarshen jikinsa da ke kumbura a hankali, ya ɓace farat ɗaya, ya sake dawowa. Cikin jikinsa ya fi ruwan kududdufi gishiri, don haka ruwa shiga yake yi ba tsayawa, kuma ba shi da bango irin na albasa. In bai kwashe ruwan ya zubar ba fashewa zai yi. Wannan ɗigo shi ke kwashewa. Darasin makon jiya ne ya dawo a jikin wata halitta, kuma mutum biyu sun gano haka kafin in buɗe baki.

A kwalba ta biyu mun sami koren zare mai santsi, sifirojaira. A nan ne mai neman kulorofilas ya same shi, kore shar, a murɗe cikin kowace ƙwaya daga wannan kai zuwa wancan.

Akwai yaron da ke taya mahaifinsa zama a shago a Kantin Kwari, don shi na kawo labarin Antonie van Leeuwenhoek. Ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai yi jami'a ba. Da hannunsa yake haɗa 'yan mitsi-mitsin gilasai, wasunsu suna ninka abu fiye da sau 200. A 1674 ya kalli ruwan wani tafki ya ga irin waɗannan halittu, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan. A 1683 ya bayyana bakteriyar da ya kankaro daga haƙoransa. Na'urar da ke gabanmu ta fi tasa sauƙin amfani ba kaɗan ba. Abin da ya fi mu shi ne haƙurin zama yana kallo yana rubutawa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

An yi rasuwa a layinmu, zaure na masu zaman makoki ne. Allah ya jiƙansa. Babu zama.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Hunturu ya fara shigowa, kuma ya zo da nasa cikas. Ɗigon ruwa a kan silaid bushewa yake kafin layi ya zagayo, ƙura kuma tana sauka a gilashin ido. Yanzu muna shafa ɗan basilin a gefen murfi, na'urar kuma ƙanwata ta ɗinka mata riga.

Yis muka yi, irin wanda ake kwaɓa fanke da gurasa da shi, ƙullin 300. Gorunan ruwa uku, kowace da balan-balan a baki. Ta farko yis da sukari da ruwa mai ɗumi, ta biyu babu sukari, ta uku an tafasa yis ɗin tukuna. Kafin mu gama zane balan-balan ɗin farko ya miƙe, sauran biyun suna kwance. Yis halitta ce mai ƙwaya ɗaya, dangin naman gwari, tana farfasa sukari don samun ƙarfi, tana fitar da iskar kabon-dayoksaid, kuma wannan iska ce ke tayar da ƙullu. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar tun a ƙarni na 19 cewa aikin rayayyun ƙwayoyi ne.

A ninki 400 ƙanana ne ƙwarai, ba su kai maikuromita 10 ba, kuma jikin wasu akwai ɗan tsiro, sabuwar ƙwaya ce ke fitowa daga uwarta. Da muka ɗiga metilin bulu mai ruwa-ruwa, na gorar da aka tafasa duk suka rine shuɗi, na gorar farko kuwa yawancinsu suka zauna fari. Rayayyar ƙwaya tana sauya rinin ya rasa launi, matacciya ba ta iyawa. Ban san wata hanya mai arha irin wannan da za a nuna wa yaro bambancin mai rai da matacce a wannan ƙanƙanta ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Yau aiki bai yi ba. Burina mu ga ƙwaya tana rabuwa biyu, kuma wurin da ya fi dacewa shi ne tsinin saiwar albasa, inda ake ta haifar sababbi. Tun makon jiya na ɗora albasa a bakin kofuna, gindinta na taɓa ruwa. Biyu sun ruɓe, sauran sun fitar da saiwa amma a hankali saboda sanyin dare.

Ana buƙatar ruwan asid na haidurokulorik mara ƙarfi, ban samu ba, sai muka gwada da ruwan lemon tsami mai ɗumi. Tsakanin bangon ƙwaya da na maƙwabciyarta akwai wani danƙo, fektin, shi ke manne su, kuma asid ɗin ne ke sassauta shi har a iya danne saiwar ta baje ta zama falle ɗaya. Lemon tsami bai iya ba. Saiwa ta tsaya da taurinta, da aka danna murfi sai ya tsage. Mun yi asarar murafe da dama. Wanda bai tsage ba kuma dunƙule ne mai duhu, ƙwaya a kan ƙwaya, rini ya kama komai bai bar bambanci ba. Wani yaro ya ce yana jin ya ga kuromozom, zaren cikin nukiliyos masu ɗauke da bayanan gado. Na leƙa, tarkace ne. Na ce ya rubuta a takardarsa cewa yau ba a ga komai ba, ya sa kwanan wata. Ransa bai so ba, amma takardar da aka rubuta gaskiya a kanta ta fi mini zane mai kyau na abin da ba a gani ba.

Na kira Yaya, wadda ke aiki a ɗakin gwajin wani asibiti. Ta ce za ta nemo mini asid ɗin a sirke da rinin asetokamin ta hannun masu sayar musu da kaya. Na sake dasa albasa, wannan karon a ɗaki.

Alhamis, 4 ga Disamba

Yaya da kanta ta zo, da silaid na koyarwa da aka riga aka rina, marasa sunan kowa. Mun yanke shawara tun farko ba za a huda yatsan kowane yaro a zaure ba. Ta kuma shafa jinin kazar da aka yanka a gida da safe, ta rina shi.

Jajayen ƙwayoyin jinin mutum faifai ne masu loɓawa a tsakiya, faɗinsu maikuromita 7 zuwa 8, kuma ba su da nukiliyos. Na kaza dogaye ne, kowace da nukiliyos ɗinta ɓaro-ɓaro. Tamu tana zubar da nata ne tun tana cikin ɓargo, ta cika cikinta da himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin, ta kuma samu laushin lanƙwasawa ta ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙunci. Da yake ba ta da abin gyara kanta, kwana 120 take yi a cire ta, ɓargo kuma yana ƙera fiye da miliyan 2 a kowane sakan.

Silaid na gaba na mai sikila ne. A cikin faya-fayan akwai wasu dogaye masu tsini, a lanƙwashe da siffar lauje. Wani yaro da ba ya yawan magana ya daɗe a kan na'urar, sannan ya ɗago ya ce wa Yaya, “Anti, ƙanwata tana da shi. Wannan ne yake sa ta ciwon ƙashi?” Ta ce masa e, ta zaunar da shi ta yi masa bayani a nutse. Idan oksijin ya yi ƙasa, irin wannan himogulobin yana harhaɗuwa ya zama sanduna a cikin ƙwaya, ya taurara ta, sai ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa kai wa ƙashi. Ƙwayar kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi suna tayar da ciwon, don haka ta ce ya kula ƙanwarsa ta riƙa shan ruwa da yawa, ta sa rigar sanyi a hunturun nan, ta kwana a gidan sauro, kuma kada a yi wasa da zuwa asibiti.

Na ƙara musu da cewa sarƙar furotin ta himogulobin da abin ya shafa tana da ɗiyan amino asid, wato tubalan gina furotin, 146, kuma guda ɗaya ne tak ya sauya, na shida. Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij a 1957. Idan AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai ciwon, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Wannan kuskuren fahimta ya yi yawa a gari, na sha jin sa daga bakin manya. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, da gwajin jinsin jini na AS da SS a ciki. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, amma takardar gwaji tana da nauyi ne a hannun wanda ya fahimci abin da ke cikinta. Yaran nan nan da 'yan shekaru su ne masu neman aure.

Silaid ɗin maleriya bai ba mu abin kirki ba. Ana buƙatar gilashi mai 100 da ake ɗiga wa mai, a ninki 1,000. A namu ɗige-ɗige kawai muka gani cikin wasu ƙwayoyi.

Alhamis, 11 ga Disamba

Saiwa ta yi kyau, asid da rini sun iso, 6,500 duka. Ni kaɗai na taɓa asid ɗin. Na yanke milimita 2 na tsini, na jiƙa a asid mai ɗumi na minti 5, na ɗauraye, na ɗiga rini, na rufe, na danna da babban yatsa ta kan tishu ba tare da murzawa ba. Ta baje lumus.

Ƙwayoyin nan ƙanana ne masu kusurwa huɗu, ba dogaye irin na ɓawo ba, nukiliyos ya kusa cike su. Yawancinsu ba sa cikin rabuwa, sai an bi layi-layi da haƙuri. Yarinyar da ta ga kumfa ranar farko ita ta fara samowa: jajayen zare sun jeru a tsakiyar wata ƙwaya. Can gefe kuma wata, zaren sun rabu gida biyu suna fuskantar juna, kowane rukuni ya nufi nasa ƙarshen. Albasa kuromozom 16 gare ta, mutum 46. Ba mu iya ƙirga su ba don sun cukurkuɗe, amma rabuwar a fili take. Rudolf Virchow ya faɗa a 1855 cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa, Walther Flemming kuma ya zana matakan rabuwar dalla-dalla a 1882.

Da sauran lokaci muka dama ayaba da gishiri da sabulun wanke-wanke na ruwa, muka tace da ƙyalle. Sabulu yana narkar da maiƙon tantani, abin da ke ciki ya fito. Babu wuta tun jiya, sai da na sayi ƙanƙara ta 500 na sanyaya sifirit. Da aka tsiyaya shi a hankali ta gefen kofi, farin abu mai yauƙi ya taso, muka naɗo shi da tsinke. DNA ne, sinadarin bayanan gado, haɗe da wasu tarkacen ƙwaya. Wanda ke cikin ƙwayar mutum guda, in an warware shi, ya kai mita 2.

Alhamis, 18 ga Disamba

Mun baje zanen kowa, muka ɗauko littafin makaranta muka yi alama a kan abin da muka gani da ido: bango, nukiliyos, bakiyol, kulorofilas, kuromozom, gashin iyo. Tantani aikinsa muka gani. Maitokondiriya, inda ake ƙona sukari da oksijin a samar da ƙarfi, ba mu tantance shi ba. Raibozom, inda ake ƙera furotin, ba za mu taɓa gani da wannan na'ura ba, domin haske ba ya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza maikuromita 0.2, iyakar da Ernst Abbe ya lissafa a 1873, shi kuwa raibozom bai wuce nanomita 30 ba. Zanen littafi ya samo waɗannan ne daga maikuroskof mai aiki da ilektiron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931. Ina so yaran su riƙa tambayar kowane zane da wace na'ura aka gan shi.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, har da sabon kwalin murafe da safar hannu da kuɗin adaidaita, ya kama naira 76,000. Iyaye uku sun kawo gudunmawar 15,000 ba tare da na roƙa ba, Allah ya saka musu da alheri. Da ita zan sayi abin riƙe waya a bakin gilashin ido, don mu riƙa ɗaukar hoto layi ya ragu.

Za mu huta har makarantu su koma a Janairu. Zama na farko ƙofofin numfashin ganye ne: a shafa jan farce mara launi a bayan ganyen mangwaro da na masara, ya bushe, a ɗago shi da salatif, a ƙirga ƙofofin sama da na ƙasa. Bayansa ƙwayoyin sitaci a dankalin turawa da rogo. Gilashi mai 100 an ce mini zai kai 25,000, kuma sai na kai na'urar an gwada ko bakinta zai karɓe shi kafin in biya. Ina so mu kammala wannan zango kafin azumi.